Eskom da kwal: waiwaye kan alkawarin rage hayaƙi a Afirka ta Kudu

Tun da aka kafa kamfanin wutar lantarki na Eskom a 1923, kwal ne jarinsa. A lardin Mpumalanga kwal yana kwance jingim kuma da araha, sai aka jera tashoshin wuta a bakin ramukan haƙarsa. Wannan wuta mai arha ce ta ɗauki nauyin ma'adinan zinare da masana'antun ƙasar shekara da shekaru. A yau Eskom ne ke ba da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar Afirka ta Kudu, mafi yawanta daga kwal, kuma hayaƙin kabon da yake fitarwa a shekara yana kai wa wajen tan miliyan 200.

Da aka fara ɗauke wuta bi da bi a ƙarshen 2007, kwal ɗin aka sake komawa. Aka duƙufa kan gina tashoshin kwal na Medupi a Limpopo da Kusile a Mpumalanga, kowacce mai ƙarfin kusan megawat 4,800. A 2010 Bankin Duniya ya ba da rancen dala biliyan 3.75, akasarinsa don Medupi. Aikin ya ci lokaci, ya ci kuɗi fiye da ƙima, ya bar kamfanin da bashin da ya kai kusan rand biliyan 400.

Hanyar fita ta buɗe a 2011, lokacin da gwamnati ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshin rana da iska su sayar wa Eskom wutar. Shi kansa kamfanin ya buɗe tashar iska ta Sere mai megawat 100 a 2015. Amma a 2016 shugabanninsa suka ƙi sa hannu a sababbin yarjejeniyoyin sayen wannan wuta, ba a sa hannun ba sai a Afrilun 2018. A ganina shekaru biyun nan suna cikin manyan asarorin da aka tafka, domin wutar da aka jinkirta ita ce aka zo ana nema ido rufe daga baya.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Faransa da Jamus da Birtaniya da Amurka da Tarayyar Turai suka yi alkawarin dala biliyan 8.5 don taimaka wa ƙasar ta yaye kanta daga kwal. A Oktoban 2022 aka kashe tashar kwal ta Komati, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1960, Bankin Duniya kuma ya jagoranci samar da dala miliyan 497 don mayar da wurin na rana da iska da batura. Sai dai an rufe tashar kafin sabon aikin ya kankama. Ma'aikatan dindindin an tura su wasu tashoshi, amma 'yan kwangila da masu sayar da abinci da masu gidajen haya a garin an bar su suna kallon bututun da ya daina hayaƙi. Duk mai son a bar kwal, kamar ni, dole ya tsaya ya dubi Komati da kyau, don ƙungiyoyin ƙwadago sun riƙe ta hujja.

Shekarar 2023 ta zo da duhun da ba a taɓa gani ba, an ɗauke wuta a ranaku fiye da 300. Hayaƙin kamfanin ya ɗan ragu a lokacin, amma babban dalili shi ne tsofaffin injuna suna ta lalacewa, kuma an riƙa ƙona dizal mai yawa don cike giɓi. Eskom yana nan kan burinsa na kawar da hayaƙin nan da 2050, amma tashoshin Camden da Grootvlei da Hendrina, waɗanda aka shirya rufewa, an ɗaga musu ƙafa zuwa 2030. A Maris na 2025 kuma Amurka ta janye daga alkawarin Glasgow.