Wai zaman gindin bishiya na minti ashirin yana yi wa lafiya wani abu?

Minti ashirin kacal, me zai tsinana wa mutum?

Yana yi fa. A 2019 masu bincike a jami'ar Michigan ta Amurka suka sa mutane su riƙa fita su zauna ko su ɗan taka a wurin da ke da bishiyoyi da ciyayi, suna auna yawunsu kafin su fita da bayan sun dawo, sai aka ga sinadarin kotisol, wato wanda jiki ke fitarwa idan mutum ya shiga damuwa, ya fi saurin sauka a minti 20 zuwa 30. Amma da sharaɗi, ba waya, ba karatu, ba hira. Ni dai wannan sharaɗin ne ya kayar da ni, don mu yanzu ko a gona mutum yake hannunsa na kan WhatsApp.

To minti nawa ya kamata a yi a sati?

Jami'ar Exeter ta Ingila ta tambayi kusan mutum 20,000, shi ma a 2019, waɗanda ke samun minti 120 a sati a irin waɗannan wurare sun fi cewa suna jin lafiya da kwanciyar hankali. Kuma ba dole sai a zama ɗaya ba, in ka raba bai kai minti 20 a rana ba. Sai dai tambayar mutane aka yi, ai mai lafiya dama shi ke iya fita.

Ni a tsakiyar gari nake, ina zan ga daji?

Wa ya ce sai ka je Yankari? Akwai wani tsohon bincike na 1984 da Roger Ulrich ya yi a wani asibiti a Amurka, marasa lafiyar da aka yi wa tiyata, waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. Ta taga fa kawai. To ina ga wanda ya shimfiɗa tabarma gindin darbejiyar ƙofar gida ko tsamiyar bakin masallaci bayan la'asar.

Abin da ke ban haushi shi ne dama muna da abin nan, kakanninmu majalisarsu gindin bishiya ce, mu ne muka zo muna sare mangwaron tsakar gida wai yana zubar da ganye, mu malale ko'ina da siminti da intalok, sannan watan Afrilu ya zo a dinga kukan zafi, nepa sun ɗauke, ɗaki kamar tanda, ba inuwar da za a gudu.

Matar da ba ta cika fita ba fa?

Tsakar gida ta isa. Zogale ɗaya, lalle, ko na'a-na'a a tsohon bokiti, ban ruwan safe ma zama ne da su. Mai tattabaru ya san abin da nake nufi. Kuma hasken hantsi da ke shiga ido shi ke saita agogon jiki, shi ya sa mai shan hantsi ya fi samun barci da wuri.

Yara fa?

Su ne ma suka fi buƙata. Yaron da ke wuni a ɗaki ido a kan waya ya fi kamuwa da matsalar ido ta kasa ganin abin da ke nesa, har Taiwan ta sa makarantunta su riƙa fitar da yara waje awa 2 kullum tun 2010 saboda wannan.

Da hunturu ko tsananin zafi ma a fita?

A duba lokaci dai. Da bazara sai da sassafe ko yamma lis, ba tsakar rana ba. Ranar da hazo ya yi kauri mai asma ya haƙura ko ya rufe hanci, da damina kuma a kula da sauron magariba da macizai cikin ciyawa. Wanda kuma damuwa ta kai shi ga kasa barci da cin abinci makonni, wannan likita zai gani, in ya dawo sai ya ɗauki tabarmarsa.