Waiwaye: Tsadar Rayuwa A Kaduna Ta Girmi Cire Tallafin Mai

Duk wanda ka tsayar a Kasuwar Gumi ko Kawo ka tambaye shi yaushe al'amura suka taɓarɓare, amsar ɗaya ce: tun da aka cire tallafin mai. Yana da gaskiyarsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kuma kafin mako ya zagayo litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500. Sai dai garin da wannan magana ta faɗo wa ya riga ya daɗe yana jin jiki, shi ya sa ta kayar da shi haka.

Kaduna garin albashi ne tun asalinsa. Kano fatauci ya raya ta, Zariya sarauta da karatu da noma, ita kuwa Kaduna Turawa ne suka zaɓe ta suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, sai soja da ma'aikatan layin dogo da akawu suka cika ta. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo baya. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai a 1980. Kakuri da Makera da Nassarawa suka zama unguwannin ma'aikata, inda mai shago ke ba da bashi hankalinsa kwance domin ya san ranar da za a biya, mai gidan haya da mai tuwo da tela duk suna lissafi da ƙarshen wata. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ne ya fara nuna wa mutanen garin cewa idan kuɗi suka ƙaru a aljihu kasuwa ma tana ƙara nata, amma a lokacin akwai aikin yi, saboda haka abin bai yi zafi ba.

Zafin ya fara ne da faɗuwar kuɗin ɗanyen mai. Gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, a 1984 mutane suna bin dogon layi don sayen madara da sukari da sabulu, sannan a 1986 Babangida ya zo da shirin SAP na gyaran tattalin arziki aka karya darajar Naira, wadda a 1980 ta fi Dala ƙarfi. Masaƙun Kaduna daga waje suke sayo injina da kayan gyara da sinadarin rini, don haka kowace faɗuwar Naira a jikinsu take ƙarewa. Ga rashin wuta, ga atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, kuma ko da aka sake buɗe ta daga baya ba ta koma kamar da ba. Dubban magidanta suka koma acaɓa da gadi da ƙananan sana'o'i, wasu da yawa suka rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. A ganina nan ne tushen matsalar: farashi ya ci gaba da hawa a garin da aka riga aka toshe masa babbar hanyar samu.

Abin da ya biyo baya hawa ne mataki-mataki. A Janairun 2012 fetur ya tashi daga Naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito zanga-zanga, aka sauko da shi 97. A 2016 ya koma 145. Rufe iyakoki a Agustan 2019 ya ɗaga shinkafa. Shekarar 2020 ta fi wuya ga mai neman na yau da gobe, domin kullen korona ya daɗe a Kaduna, kuma ya haɗu da rushe kasuwanni irin su Kasuwar Barci ƙarƙashin shirin sabunta birni na gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i. An samu tituna da gadoji masu kyau, wannan ba a musu. Amma ɗan kasuwar da ya rasa rumfarsa, ya dawo ya tarar da sabon shago ya fi ƙarfinsa, ko dai ya bar sana'ar ko ya ɗora kuɗin shagon a kan mudun da yake auna wa mutane.

Abin da ya fi ciwo shi ne a ce abinci ya gagari mutum a jihar da take sahun gaba wajen noman masara a ƙasar nan. Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru su ke ciyar da birnin, kuma su ne 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. Manomi ya bar gona mai nisa ya koma 'yar ta bakin gari, wani ya sayar da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, wani ya kwaso iyalinsa ya dawo Rigasa ko Mando, ya tashi daga mai sayar da hatsi ya koma mai saye, ya kuma ƙara yawan masu neman ɗakin haya. A Kudancin Kaduna ma annobar da ta faɗa wa citta a 2023 ta cinye jarin manoman Kachia da Jaba da Kagarko.

A haka cire tallafi ya same mu, ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 bai gama sakin mutane ba. A Yuni aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, zuwa Fabrairun 2024 Dala ta haura Naira 1,500. Hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar, fetur kuma ya tsallake Naira 1,000 kafin ƙarshenta. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta kai ga dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Da Gwamna Uba Sani ya amince da Naira 72,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, buhun shinkafa mai kilo 50 ya riga ya wuce wannan kuɗin. Gidaje da yawa sun koma cin abinci sau biyu, nama sai ranar Juma'a in an samu, ma'aikaci yana taka sayyada rabin hanya kafin ya hau keke.

Baƙi ma sun ji a jikinsu, kuma garin ya ji rashinsu. Kaduna ta saba da karɓar jama'a: a nan aka yi babban hawan daba na bikin al'adu na FESTAC a 1977, a nan ake kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa, ga Gidan Arewa, ga Ƙofar Gamji da gadar Lugard, ga wasan folo, ga magangarar ruwa ta Matsirga a Kafanchan. Mai Dala a hannu yau zai ga Kaduna da araha ƙwarai, amma shi ne ya fara ɗauke ƙafa, musamman bayan harin fadar dutse ta Kajuru a 2019 da na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har Disamba, jirgin ya dawo da ƙarin kuɗin tikiti. Wanda ke riƙe da otal-otal da masu tsire da direbobin tashar Rigasa dama ɗan gida ne: ma'aikacin Abuja da ke zuwa hutun ƙarshen mako, 'yan biki, masu taro, 'yan makaranta da ake kawowa gidan tarihi. Su ne tsadar kuɗin mota ta rage zuwansu. Mai otal na ƙona dizal ya ɗora a kuɗin ɗaki, baƙon da zai kwana uku ya kwana ɗaya, wani ya sauka gidan ɗan uwa, inda mai masaukin ke murmushi yana lissafin cefane a zuci.

Daga ƙarshen 2024 an fara ganin sauƙi ta wani ɓangare. Sulhun da aka yi a Birnin Gwari ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, manoma sun koma wasu gonakin, gwamnatin tarayya ta ɗage haraji kan shigo da hatsi na wani lokaci, masara da shinkafa suka sauko a 2025. Mai saye a Tudun Wada ya ɗan numfasa. Amma haya da kuɗin makaranta da magani ba su sauko ba, taki ma haka, har manomi kan sayar da buhun masara kuɗin bai isa buhun taki ɗaya ba. Idan ya rage gona saboda wannan asara, birnin zai gani a farashin mudu bayan kaka. Masaƙun Kakuri kuwa, mafi yawansu har yanzu ƙofofinsu a garƙame suke.