Ƙololuwar Mai: Me Ake Nufi Idan Aka Ce Man Fetur Zai Ƙare?

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin lita, ko layi ya dawo gidajen mai, ba a rasa wanda zai ce ai dama man ya kusa ƙarewa a duniya, masana sun ce saura shekara 50. Maganar tana da asali, sai dai an cakuɗa abu biyu da kowanne hanyarsa daban: man da ya rage a ƙarƙashin ƙasa, da kuɗin da mai mota ko ɗan acaɓa yake biya a bakin famfo.

Masana harkar makamashi ba su cika cewa mai zai ƙare ƙarƙaf ba. Abin da suke muhawara a kai shi ne ƙololuwar mai, wato ranar da yawan ɗanyen man da ake haƙowa kullum zai kai iyakarsa, daga nan ya fara ja da baya. Kowace rijiyar mai haka rayuwarta take. Da farko matsin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ke turo man sama da kansa. Bayan shekaru matsin ya yi sanyi, sai an ɗura ruwa ko iskar gas an koro shi. A ƙarshe kuɗin da ake kashewa ya zarce abin da ake samu, kamfani ya toshe rijiyar ya tafi, alhali da sauran mai a ciki. A yawancin filaye abin da ake iya fitarwa wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Oloibiri da ke jihar Bayelsa, inda aka fara samun mai a Najeriya a 1956, tuni aka daina haƙa a can.

Wanda ya yaɗa wannan tunani shi ne M. King Hubbert, masanin duwatsu da ke aiki da kamfanin Shell a Amurka. A 1956 ya ce man da Amurka ke haƙowa zai kai ƙololuwa tsakanin 1965 da 1970. Da yawa sun yi masa dariya, sai ga shi a 1970 ƙasar ta kai kusan ganga miliyan 9.6 a rana, daga nan ta soma gangarowa, har zuwa 2008 da ta koma wajen miliyan 5. Kusan shekara 40 hasashensa yana tsaye, shi ya sa mutane suka ɗauki lissafinsa suka ɗora wa duniya baki ɗaya, suna sa ranar da mai zai fara ƙaranci.

Abin da lissafin bai hango ba shi ne sabuwar dabara. A jihohin Texas da Dakota ta Arewa na Amurka akwai mai maƙale cikin wani dutse mai tauri, an daɗe da sanin yana nan amma fitar da shi asara ce. Da farashi ya yi tsada, kamfanoni suka haɗa dabaru biyu: a haƙa ƙasa a miƙe sannan a karkata a bi dutsen a kwance, sai a harba ruwa da yashi da ƙarfi su farfasa shi man ya tsiyayo. A 2018 Amurka ta wuce abin da ta haƙa a 1970, a 2023 kuma ta kai kusan ganga miliyan 13 a rana, adadin da babu ƙasar da ta taɓa kaiwa kafin nan.

To, ina aka samo shekara 50 ɗin? Ana ɗaukar man da aka tabbatar yana ƙasa, wajen ganga tiriliyan 1.7, a raba shi da abin da ake haƙowa a shekara. Inda ake yin kuskure shi ne a zaci wannan adadi shi ne duk man da Allah ya ajiye a ƙasa. Man da aka tabbatar yana nufin wanda aka gano, kuma za a iya fitarwa a ci riba da farashin yau da kayan aikin yau. Farashi ya tashi, adadin ya ƙaru. Ya faɗi, ya ragu. Kamar rijiya ce da rani: mai gajeriyar igiya zai ce ruwa ya ƙafe, mai doguwa yana ɗiba. A 1980 adadin bai kai ganga biliyan 700 ba, lissafin lokacin yana nuna saura shekara 30 ko kusa da haka. An sha mai shekara 40 bayan nan, adadin ya ninka fiye da sau biyu. Wani ɓangare na ƙarin daga man Kanada mai haɗe da yashi ne da kakkauran man Venezuela, waɗanda a da ba a ƙirga su. Wani ɓangaren kuwa abin da ƙasashe suka faɗa da bakinsu ne ba tare da wani ya shiga ya bincika ba, don haka ni dai ina karɓar alƙaluman da ɗan taka-tsantsan.

Duk da haka Hubbert bai yi ƙarya ba. Man Birtaniya na Tekun Arewa ya kai ƙololuwa a 1999, na Norway a 2001. Indonesiya da a da take cikin OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, ta koma mai shigo da mai. Abin da yake ƙarewa da gaske shi ne mai sauƙin haƙa. Filin Bonga na Najeriya da ya fara aiki a 2005 yana kilomita 120 cikin teku, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Gangar da aka fitar daga irin wannan wuri ba za ta zo da arahar ta Saudiyya ba.

Farashin kullum kuwa ba ya bin abin da ya rage a ƙasa. A Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, kafin ƙarshen shekarar ta faɗo ƙasa da 40. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, an yi ranar da farashin man Amurka ya koma ƙasa da sifili, masu riƙe da shi suna biya a karɓa saboda babu wurin ajiya. Babu rijiyar da ta cika ko ta ƙafe a 'yan watannin nan. Duniya tana shan fiye da ganga miliyan 100 a rana, kuma mutum ba ya daina zuwa aiki don mai ya yi tsada, saboda haka ƙaramin giɓi yana cilla farashi sama, ƙaramin rara yana kayar da shi. Ƙungiyar OPEC da aka kafa a Bagadaza a 1960, wadda tun 2016 take tafiya tare da Rasha, da wannan take aiki: ta rage ko ta ƙara abin da mambobinta ke fitarwa. Yaƙi ma haka. Takunkumin ƙasashen Larabawa na 1973 ya ɗaga ganga daga kusan dala 3 zuwa 12. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin Hormuz yake bi, ko barazanar rufe shi kaɗai tana motsa kasuwa.

A Najeriya akwai ƙarin abubuwan da suka fi waɗannan nauyi. A 2022 gangar ɗanyen mai tana wajen dala 100, lita tana ƙasa da naira 200. A 2024 ganga ta sauko wajen dala 80, lita ta haura naira 1,000. Ɗanyen mai ya yi araha, fetur ya ninka sau biyar. Dalilin shi ne cire tallafi da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu 2023, sai sakin naira da ya biyo baya, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500. Da dala ake yi wa mai farashi. Ko matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024, farashin kasuwar duniya ake bi wajen sayar mata da ɗanye, ko da a naira aka biya. Sannan ga kuɗin dako: tankar da ta taso daga Legas zuwa Kano ko Maiduguri tana shan man gas, a da gwamnati ke cike wannan giɓi don farashi ya zo ɗaya, yanzu mai saye ke biya.

Muhawarar masana ma ta juya. Yanzu ƙololuwar buƙata suke magana, wato ranar da duniya za ta fara rage sayen mai da kanta. A China kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu amfani da lantarki ne. A 2023 Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce buƙata za ta kai iyakarta kafin 2030, OPEC ta ce sam, za ta ci gaba da ƙaruwa shekaru masu yawa, kuma kowannensu yana da abin da yake karewa. Najeriya tana da wajen ganga biliyan 37 da aka tabbatar. Abin da take haƙowa ya sauko daga kusan miliyan 2.5 a rana a 2005 zuwa wajen miliyan 1 a wasu watannin 2022, saboda satar ɗanyen mai da fasa bututu da ƙarancin sabon jari.