Ƙwarin Mait a Akwatin Tarantula: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai kiwon tarantula, wato ƙaton gizo-gizon nan mai gashi, watarana zai haska tocila cikin akwatinta da daddare ya ga wasu fararen ɗige-ɗige a bakin kwanon ruwa kamar an barbaɗa gishiri. Yana ƙura ido sai ya ga gishirin yana motsi. Daga nan hankali ke tashi, tambayoyi su biyo baya.

Mene ne waɗannan ɗige-ɗigen?

Galibi mait ne, wasu mitsi-mitsin halittu dangin kaska. Su ma ƙafa takwas gare su idan sun girma, don haka 'yan uwan gizo-gizo ne na nesa. Waɗanda aka fi gani a akwati su ne masu bin hatsi da dusa, irin su Acarus siro, da masu bin fumfuna, irin su Tyrophagus putrescentiae. Tafiyarsu a hankali take, kamar ba sa so. Idan ka hura musu iska ka ga sun yi tsalle sun watse, to ba mait ba ne, ƙwarin tsalle ne da masana ke kira Collembola, kuma waɗannan alheri ne a gare ka.

Suna cin tarantula ne?

Mafi yawansu ba ruwansu da ita. Abin da ya kawo su ragowar abinci ne da fumfuna. Tarantula ba ta haɗiye abinci da taurinsa. Narkar da shi take yi ta tsotse, ta bar wani ɗan dunƙule na ɓawo da ƙafafu, sau da yawa ta kai shi lungu ɗaya ko ta jefa cikin kwanon ruwa. Wannan dunƙulen, idan ya kwana biyu a kan ƙasa mai danshi, shi ne gidan bikinsu.

Matsala tana farawa ne idan sun yi yawa. Akwai wani mataki a rayuwar wasunsu da suke daina cin abinci, su manne a jikin wata halitta don ta kai su wani wuri. A nan ne za ka gan su cunkushe a gindin fiƙoƙinta, da gaɓoɓin ƙafa, da kusa da huhunta. Huhu huɗu gare ta a ƙarƙashin ciki, kowanne da 'yar siririyar kafar shan iska, to ka ga ba wurin da za a bari a yi wa cincirindo ba ne. Tarantular da suka dama za ka ga ta kasa zama wuri ɗaya, tana hawa bango, tana yawan goge jiki. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne 'yan ƙanana da wadda ke cikin saɓa, lokacin da take kwance rigingine jikinta taushi, ba ta iya kare kanta.

Ta ina suke shigowa alhali akwatin a rufe yake?

Ta abinci, fiye da komai. Gyare da kyankyaso da tsutsar da ake kiwo cikin dusa duk suna zuwa da su. Ni a ganina, wanda ke fama da mait ya fara leƙa mazubin abincin kafin akwatin tarantular. Idan dusar ta jiƙe, ko an bar yankan kayan lambu ya ruɓe a ciki, za ka ga bangon robar ya yi kamar an shafa masa ƙura mai launin ƙasa-ƙasa. Sauran hanyoyin su ne ƙasar shimfiɗa, da ɓawon itace, da sabuwar tarantula, musamman wadda aka kamo daga daji. Ita kam a ware ta ɗaki daban na 'yan makonni, da hantsakinta daban.

To mene ne rigakafin?

A bar mait da yunwa, a bar iska ta shiga. Ka cire dunƙulen ragowar nan da hantsaki da zarar ka gan shi. Abin da tarantular ba ta ci ba kada ya wuce awa 24 a ciki, ballantana gyare mai rai, wanda kan iya gwaguyar ta idan ta shiga saɓa. Kwanon ruwa a wanke shi, ba a yi ta ƙara ruwa a kan datti ba.

Sai maganar danshi, inda mutane da yawa ke kuskure. Mait na hatsi ba sa jure busasshiyar iska, shi ya sa akwatin da ake fesa wa ruwa kullum kuma ba ƙofofin iska yake zama musu aljanna. Ire-iren tarantula kamar Grammostola rosea ta ƙasar Chile da Chromatopelma cyaneopubescens ta Benezuwela busasshiyar ƙasa suke so, kwanon ruwa ya ishe su. Theraphosa blondi ta dazuzzukan Kudancin Amurka ita dole sai da danshi, amma danshi daban, caɓi daban. A zuba ruwa ta kusurwa ɗaya ya gangara ƙasa, sama ya ɗan bushe. Ka damƙi zaren kwakwar da za ka shimfiɗa: idan ruwa ya ɗiga tsakanin yatsunka, ya yi yawa. A huda ƙananan ramuka a gefe da gefe, ba a murfi kaɗai ba, don iska ta ratsa ta fita.

Gasa ƙasar ko daskarar da ita yana taimakawa?

Yana kashe abin da ke ciki a ranar, shi ke nan. Gyaren farko da ka jefa zai iya dawo da su, fumfuna kuma ta tarar da fili ba abokin gasa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ƙasar ta ƙunshi taki ko maganin ƙwari.

Shin da gaske ana zuba wasu ƙwarin don maganin wasu?

Ƙwarai. A akwati mai danshi ana sakin ƙwarin tsallen nan, su riga mait cinye fumfuna da ragowa. Akwai kuma mait mafarauta, Stratiolaelaps scimitus, waɗanda aka daɗe ana sayarwa da sunan Hypoaspis miles. Launinsu ruwan ƙasa, suna da sauri, suna cin sauran mait da tsutsar ƙananan ƙudajen fumfuna. Sai dai ba sa bambancewa, har ƙwarin tsallen suna ci, kuma a busasshiyar ƙasa ba sa daɗewa.

Ba zan iya fesa magani kawai in huta ba?

A'a, ko kusa. Maganin da aka yi don kashe mait da kaska an yi shi ne don halittu masu ƙafa takwas, ita ma ɗaya ce daga cikinsu. Feshin mait na macizai mai sinadarin permethrin, maganin sauro a ɗakin, har maganin ƙuma da ka ɗiga wa kare ko kyanwa ka zo ka taɓa kwanon ruwanta ba ka wanke hannu ba, kowanne na iya sa ta fara karkarwa ta kasa sarrafa ƙafafunta, kuma ba kasafai take tashi ba.

Idan sun riga sun yi yawa fa?

A mayar da ita wani tsaftataccen mazubi da ruwan sha, a zubar da ƙasar duka, a wanke akwatin da ruwan zafi, a bar shi ya bushe ƙarau. Waɗanda ke jikinta ana yaudararsu da tarko: guntun mataccen gyare a murfin kwalba, a ajiye da dare, a jefar da safe, a maimaita. Waɗanda suka manne sosai kan tafi da tsohuwar fata, don haka a cire saɓar da wuri ba tare da an dame ta ba. Idan tana kwance rigingine, kada a taɓa ta ko da mait nawa ka gani.

Akwai abin da ya fi mait muni?

Akwai. Ƙananan ƙudajen fumfuna masu shawagi a hankali damuwa ce kawai, alamar ƙasa ta jiƙe. Amma ɗan ƙudan nan mai doro, Megaselia scalaris, wanda ya fi son gudu da tsayawa a kan gilashi maimakon tashi, a kan mushe yake ƙwai, kuma tsutsarsa kan shiga jikin tarantula mai rauni. Kiyashi ma kan yi mata taron dangi cikin dare ɗaya. Mafi tsanani su ne tsutsotsin baki, irin Tarantobelus jeffdanielsi da masana a Jami'ar Kalifoniya ta Riverside suka bayyana a 2022. Alamarsu wani farin abu mai yauƙi a kewayen baki, ga ƙin cin abinci, ga 'yan hannuwan gaba a naɗe ƙarƙashin jiki. Wadda ta nuna haka a fitar da ita daga ɗakin nan take, a nemi likitan dabbobi da ya san irin waɗannan halittu.