Bishiya ba ta ƙara wa bangon dam ƙarfi

'Yan Zangon Kumasi masu fita bayan gari yawon Sallah sun san ƙananan dam ɗin ƙasa da masu gonaki ke yi don tara ruwa. Da yawa sukan jera mangwaro a kan bangon, wai saiwa ke riƙe ƙasa. A gangaren gona haka ne, amma bangon dam da daɓe yake tare ruwa. Saiwa na bin laima har cikinsa. In bishiyar ta mutu, saiwar ta ruɓe, sai ruwa ya samu hanya, yana kwashe ƙasa ta ciki ba a sani ba. In iskar damina ta tumɓuke ta kuwa, da ɓarin bango za ta faɗi. Gajeriyar ciyawa ake so, don a hango tsagewa ko ramin gafiya da wuri.