Lissafin gudu, ƙirga da yiwuwa: inda ɗalibai ke tuntuɓe

Mota ta tashi daga Sakkwato zuwa wani gari mai nisan kilomita 120 tana gudun kilomita 60 a awa. Da za ta dawo an loda mata buhunan albasa, sai ta koma gudun 40. Nawa ne matsakaicin gudunta?

Ɗalibai da yawa 50 suke rubutawa, sun haɗa 60 da 40 sun raba biyu. Ba haka ake yi ba. A fara da lokaci: zuwa, 120 ÷ 60, awa 2, dawowa, 120 ÷ 40, awa 3. Nisa duka kilomita 240 ne cikin awa 5, don haka 240 ÷ 5 = 48. Motar ta fi daɗewa a hanya lokacin da kaya suka yi mata nauyi, shi ya sa gudun 40 ya rinjayi amsar. Haɗawa a raba biyu ba ya yin daidai sai in awannin zuwa da na dawowa ɗaya ne.

In da mintoci aka ba da lokacin fa?

Nan ake zubar da maki a WAEC da NECO. Awa 1 da minti 30 ita ce 1.5, ba 1.30 ba, domin minti 60 ke cikin awa. Ɗan kabu-kabu da ya yi kilomita 9 cikin minti 15, rubu'in awa ya ci, sai a ninka sau 4: kilomita 36 a awa.

Katanga mita 30 ce, ana dasa dogon yaro duk bayan mita 5, har da bakinta biyu. Bishiya nawa?

Amsa 7 ce. Tazara 6, sai a ƙara bishiyar farko. Zana ɗigo a takarda ka ƙirga.

A leda akwai jan goro 3 da fari 2. Aka ciro biyu ɗaya bayan ɗaya, ba a dubawa. Mene ne yiwuwar duka su fito ja?

Na farko 3 cikin 5 ne. Da an cire shi, saura goro 4 a leda, ja 2 kacal, sai na biyu ya zama 2 cikin 4. A ninka: 3/5 × 2/4 = 6/20, wato 3/10. Wanda ya rubuta 3/5 × 3/5 ya manta ba a mayar da na farkon ba. Kafin ka taɓa biro, nemi wannan a cikin tambayar: an mayar ko ba a mayar ba?