Ganuwar tsoffin majami'un Ailan da dokar da ke tsare ta

Mene ne waɗannan wurare?

Tun daga ƙarni na 5, lokacin da Kiristanci ya shiga tsibirin Ailan, masu ibada sun riƙa kewaye majami'unsu da ganuwa ta ƙasa ko ta duwatsu, galibi mai siffar da'ira, wani lokaci har da gwalalo a bayanta. A cikinta ake samun majami'a da maƙabarta da ɗakunan ruhubanawa da wuraren sana'a. Ba don yaƙi aka gina ta ba, iyaka ce tsakanin wuri mai tsarki da sauran gari, shi ya sa wanda ake nema da laifi kan gudu cikinta neman mafaka.

Ina ake ganin misalinta a sarari?

Nendrum, da ke wani tsibiri a mashigin teku na Strangford a Arewacin Ailan, yana da ganuwa uku ta duwatsu, ɗaya cikin ɗaya, majami'a tana tsakiyar ta ciki. A bakin ruwa aka gano ragowar injin niƙa wanda hawa da saukar teku ke juya shi, kuma katakonsa ya nuna an gina shi wajen shekarar 619. A yawancin wurare kuwa ganuwar ta baje, sai dai lanƙwasar shingen gona ko ta titi, kamar a garin Kells, take tona inda ta bi.

To, me ake karewa idan ganuwar ta baje?

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma a ganina nan ne dukiyar take. A Jamhuriyar Ailan dokar 1930 ce ta aza harsashi, gyaran 1994 kuma ya kafa rajistar wuraren tarihi, ya wajabta wa mai gona ya sanar da hukuma a rubuce wata biyu kafin ya yi wani aiki a wurin da ke cikin rajistar, ko da filin gadonsa ne.

Wanda ya tono wani abu fa, nasa ne?

A'a. A 1980 wasu masu na'urar gano ƙarfe suka tono kofin ibada na azurfa da wasu kayan majami'a a Derrynaflan, cikin gundumar Tipperary, aka kai ruwa rana a kotu, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1987 cewa kayan mallakar gwamnati ne. A shekarar ce aka haramta neman kayan tarihi da irin wannan na'ura ba tare da lasisi ba, kayan kuma suna gidan tarihin ƙasa da ke Dublin.